Abin da Sani Ya Gani a Bango

Ƙafa ɗaya likita ya yanke, ta hagu, daga ƙasan gwiwa. Wannan asarar na karɓe ta, don abin da ya riga ya fita hannu ba a tsayawa ciniki a kansa. Ragowar ce ban yarda a tafi da ita ba. Sauran ƙafa guda, hannu biyu, ido biyu, mata da 'ya'ya, da bakin da duk ƙauyukan da ke tsakanin Cadawa da Gazawa suka sani da ban dariya, duk ƙanena Sani ya tattara su ya juya fuska ga bango, yana nema ya bi ƙafar. Rauni ya warke, likita ya ce nasa aikin ya ƙare. Amma kwanon tuwo yadda Mariama matarsa ta shigar da shi, haka take fitowa da shi. Ni fataucin aya nake yi, na san buhun da ke zuba ta ƙasa: daga sama kamar cike yake, kullum kuwa raguwa yake yi. Haka na ga ɗan'uwana a daminar nan, na kuma sa a raina ba za a kai shi kushewa ina tsaye ina kallo ba.

Da tiya guda, wato kwanon awo, na fara wannan sana'a ina saurayi. Da ta yi ƙarfi na jawo Sani, muka raba aiki gwargwadon halin da Allah ya ba kowa. Shi ke hawa moto, wato babur, ya shiga ƙauyuka lokacin da aka ƙone gonakin aya, mata na rairaye ƙasa suna fidda ƙwara. Kafin ya kashe moto an fara dariya, kafin ya sha ruwa an buɗe masa buhuna. Ni nawa aikin na fuska ne. Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san dokar: kada mai kaya ya ga kayansa sun burge ka. Ka sa hannu cikin buhu ka ji aya ta bushe sarai, manya-manya, ba tsakuwa, ranka ya yi fari, amma sai ka taɓe baki ka ce, "To, ba laifi." Ka ɗauki ƙwara guda ka gatsa don ka ji bushewarta, ka tofar. Na ƙware a wannan har abokan cinikina da ke zuwa daga tsallaken iyaka suka sa mini suna Alhaji Ba-laifi.

Wata motar kaya ce ta matse Sani a hanyar Gazawa gab da faɗuwar damina. Da aka sallamo shi daga gidan likita a Maradi, na yi duk abin da mai hali ke yi. Na kawo malamai, na kawo magunguna, na kawo kilishi da sabuwar salula, na sa aka yi masa sandunan dogarawa masu kyau. Jama'a suka yi ta shigowa suna cewa a yi haƙuri, haka Allah ya so. Shi kuma yana amsawa yadda aka koya mana tun muna yara, "Da sauƙi, an gode," sannan ya koma ga bangonsa. Sandunan suna jingine a bakin ƙofa, har gizo-gizo ya fara saƙa a tsakaninsu.

Wata rana da magariba ina zaune a tsakar gidansa, dabara ta ƙare mini, sai Mariama ta hura wuta da karan hatsi saboda iccen ya jiƙe. Hayaƙin nan ya bugi hancina, ya ɗauke ni ya ajiye a ƙofar ɗakin Kaka Tsahara.

Kaka Tsahara ita ta haifi babanmu. Bagobira ce daga wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, aure ya kawo ta Cadawa, ta tsufa a nan ba ta sauke harshen garinsu ba. Idan wuta ta haska tsagen da ke kumatunta sai su yi kamar gonar da aka yi wa huɗa. Lokacin ɗari, bayan an kai hatsi rumbu, da an ci tuwo sai ta sa mu tara kara a ƙofarta. Wutar kara ba ta da haƙuri, ta tashi fuu ta mutu, don haka kullum akwai mai aikin tura kara. Ita kuma faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga cikin aya, hannunta ba ya tsayawa ko tana magana.

A sauran gidaje tatsuniya kyauta ce. A wurin Kaka sai an biya.

"Ga ta can tsaye bakin ƙofa," take cewa, "ba ta shiga gidan marowata." Sai ta nuna na kusa da ita da haɓa. "Kai, mijin banza, mi kag gani yau?"

Abin biyan shi ne abu guda mai daɗi wanda ka gani da idonka, ko ka ji da kunnenka ko harshenka, a wannan yini. Na jiya ba ya shiga, wanda wani ya riga ya faɗa ba ya shiga. Kuma ba ta karɓar "na ci tuwo na ƙoshi". Sai dai ka ce ƙanzon gindin tukunya, da yadda ya yi ƙaras a haƙori. Wanda ya zo hannu wofi, bayan zana zai zauna ya ji tatsuniya daga nesa, sanyi na cin sa. Saboda haka tun da safe yaro yake fita da ido buɗe, yana farautar abin da zai kawo. Idan an zagaye kowa sai mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, mun biya."

Sani bai taɓa shan wahala ba. Zai ce ya ga jakin maƙwabta ya yi atishawa ya firgita kansa, kafin ya kai ƙarshen maganar yana birgima a ƙasa, mu ma muna dariya ba mu ma ji abin da ya faru ba. Shi haka aka haife shi, kamar rijiyar da ruwanta ke kusa, guga ɗaya ka zura ka ji ta.

Akwai kuma Kumbo. Bayan an gama girbi Fulani kan sauka a gonarmu, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Kumbo 'yarsu ce, sa'armu, tana rako uwarta kawo nono, wani lokaci ta tsaya a bakin wutarmu. Ranar da layi ya zo kanta, Kaka ta tambaye ta, sai ta ja gefen zane ta rufe baki ta ce, "Ba komi, Inna." Muka taso mata, a kai ta bayan zana, doka doka ce. Kaka ta dube ta da kyau, ta ce, "Ta biya. Ku dubi idonta." Sai da gari ya waye muka ji ashe karsanar da aka ba ta tun tana goye ce ta yi haihuwar fari a ranar. A wurinsu ba a buɗe baki a yabi dukiya, kunya ce. Kaka ta ce mana, "Kowa da tukunyar da yake dafa daɗinsa. Ta Sani ba ta da murfi. Ta Kumbo rufe take, amma tururi ba ya ɓoyuwa."

Ni kuwa abin da na lura da shi daban ne. Sani kullum da rara yake dawowa, abu uku, abu huɗu. Habu ɗan kawunmu, yaro mai nauyin kai, kusan kullum bayan zana yake. Mai rara a nan, mai buƙata a can. Na shiga tsakani. In karɓi rarar Sani da ɗan lallashi, in sayar wa Habu a kan ƙuli-ƙuli, in ajiye guda in biya wa kaina. Na huta da farauta, ga riba a aljihu.

Cinikin bai daɗe ba. Wata rana Habu ya gyara murya ya ce ya ga ƙadangare a kan katanga yana ɗaga kai yana saukewa kamar mai gaida hakimi. Kaka ba ta ɗago daga faifanta ba.

"Wane launi ne kansa?"

Habu ya juyo ya dube ni.

"Wanga ba naka ba ne," in ji ta. "Bakinka ya faɗa, fuskarka ba ta san shi ba." Sannan ta juyo gare ni. "Lawali, mai gidana, mi aka ba ka?"

"Ƙuli-ƙuli ne kawai, Kaka."

"Kawo rabon matarka."

Na zaro na miƙa. Ta jefa a baki, ta tsotsa don ba haƙoran tauna, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ba ta kore ni bayan zana ba. Ta ce in matso kusa da wuta, tatsuniyar yau tawa ce.

Wata tsohuwa ce, in ji ta, mai 'ya'ya mata uku, kullum tana ɗora musu talla. Babbar sunanta Tsoro, muryarta kamar ta mai shela, tun daga bakin gari ake jin ta. Ta biyun Haushi, ita har ganga take ratayawa. Kafin rana ta yi tsaka sun sayar da kayansu kaf, don mutum ko barci yake sai ya farka ya saya. Autar sunanta Daɗi. Ita ba ta kiran kaya. 'Yar ƙwarya ce a kanta an rufe da faifai, tana tafe ba takalmi, tana bin ƙofa-ƙofa, ba ta tsallake ko ɗaya. Wanda ya ɗaga kai ya ce mata sannu, sai ta durƙusa ta buɗe ta lakato masa a yatsa, ba ta karɓar ko wuri. Wanda kansa ke sunkuye, ta wuce abinta.

"Kaka, mene ne a cikin ƙwaryar?" in ji Sani.

"Wa ya sani? Manomi ya lasa ya ce ƙamshin ruwan fari ne. Bafillace ya ce ɗan maraƙi ne ya miƙe da ƙafarsa. Mai jego ta ce barci ne."

A garin akwai wani dillali. Rannan ya ɗaga kai don ya kori ƙuda, sai ya gan ta, ya ce sannu. Ta lakato masa. Kafin ya haɗiye ya fara lissafi. Ya ce ta sayar masa da ƙwaryar gaba ɗaya. Ta ce, "Baba, ba ya kwana." Ya ce ita yarinya ce, shi ya san yadda ake ajiyar kaya. Ya matsa mata har ta sauke ƙwaryar ta bar masa. Ya ɗaure bakin ƙwaryar tam, ya tura ƙarƙashin gado. Kashegari ya kai kasuwa, ya tara jama'a, ya kwance. Rairayi. Aka yi ta yi masa dariya har da masu sayar da gawayi.

Ya rantse sai ya kamo yarinyar ya gano inda uwarta ke saro kayan. Ya ɗaura wa jaki mangala ya shiga bin kasuwanni, ta gabas, ta yamma, ta bayan dutse. Kowace kasuwa ya sauka sai ya tarar da Tsoro da Haushi sun riga shi, kuma sai ya saya. Autar ko sawunta. Jaki ya mutu, gemu ya yi fari, ya dawo gida da sanda. Ya zauna a ƙofa, ba shi da sauran abin ƙirgawa. Yana nan zaune sai ya ji tafiyar ƙafa marar takalmi.

A nan Kaka takan tsayar da hannunta a kan faifai, shi ne kaɗai lokacin da yake tsayawa.

"Ya ce, 'Ke 'yar nan, ina kika shiga?' Ta ce, 'Kullum sai na bi ta nan, Baba. Tambayi matarka, ba ta taɓa rasa rabonta ba. Kai ne ba ka gida.'" Sai Kaka ta karkaɗe zanenta. "Na juye faifaina. Wanda ya ga tsakuwa ya tsince."

Wuta na cin ƙarshen kara. Ni kuwa wani abu ke damuna.

"Kaka, da ya barbaɗa gishiri ya shanya a rana, ba zai kwana ba?"

"Ku ji mini," in ji ta. "Wanga yaro ko an sa shi cikin likkafani sai ya tambayi nawa aka sayo yadi."

Kaka ta rasu kafin in yi aure, wutar ƙofarta ta mutu tare da ita. Ban sake tuna tatsuniyar nan ba sai a tsakar gidan Sani. Na tashi na shiga ɗakin, na zauna a gefen tabarmarsa. Ban taɓa barin kaya a kasuwa don mai su ya ce ba na sayarwa ba ne. Ana zama, ana jira.

"Sani," na ce, "mi kag gani yau?"

Bayansa kawai nake gani, ƙasusuwan kafaɗa sun fito.

"To, ni zan fara biya. Aya ta yi daraja a Maradi."

Shiru. Kashegari na dawo, na ce an gyara gadar da ke kan hanyar Agye. Shiru. Na ci gaba da zuwa kullum idan na rufe mangaza, wato shagon da nake ajiye aya, ina kawo abin da na samu, ina jin yadda yake faɗuwa ƙasa kamar tsakuwa. Duk labari ne. Babu ko ɗaya da idona ya tsaya a kansa.

Rannan wani direba ya ba mu labarin ragon da ya cinye takardun wani jandarma mai tsaron shingen hanya, aka yi ta dariya a ƙofar mangaza. Na ɗauko shi ɗungurungum na kawo wa Sani, na ce a gabana aka yi. Na ƙawata shi iya ƙoƙarina. Da na gama, sai na ji murya daga wajen bango, a dishe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Wane launi ne ragon?"

Na fara laluben launin da zan ƙaƙaba masa.

"Ba naka ba ne, Yaya."

Bai ƙara ko kalma ba. Amma na fita ɗakin da ƙarfina. Mai kayan da ya kushe tayinka ya fi wanda ya yi maka shiru. Ciniki ya buɗe, kuma ya faɗi abin da zai karɓa.

Sai dai ba ni da shi. Na fita da niyyar farauta kamar yaron da, na tarar idona ya koyi aiki guda ne kawai. Nuna mini buhu in gaya maka inda danshi yake. Nuna mini tiya in gaya maka an bubbuga gindinta. Na shiga kasuwar Gazawa ina neman abu mai daɗi, abin da nake gani shi ne mai algus, da ɗan sane, da hadarin da zai jiƙa mini kaya. Manyan 'ya'yan tsohuwar nan biyu suna ta kiran kaya, ni kuma tsohon abokin cinikinsu ne.

A ƙarshen layin 'yan aya na tarar da Gwaggo Rabi, wata dattijuwa daga ƙauyukan da Sani ke zagayawa, ta fito da ragowar ayarta ta bara.

"Ina mai moto?" ta ce. "Da sauƙi?"

"Da sauƙi, Gwaggo."

Na tsuguna na sa hannu a buhu. Aya ce ta gaske. Na taɓe baki yadda na saba, na ɗauki ƙwara na gatsa, na juya kai zan tofar. Sai na tsaya. Shekarun da na yi a wannan sana'a, aya nawa ta shiga bakin nan, ban tuna ranar da na ci guda ba. Na ci gaba da tauna. Da farko kamar icce. Sannan ta fara sakewa, wani farin ruwa mai zaƙi ya fito kaɗan-kaɗan, ba a gaban harshe ba, can baya, da ɗan ƙamshin hayaƙin gonar da aka ƙone. Hayaniyar kasuwa ta ja da baya. Ban san na rufe ido ba sai da na buɗe na ga Gwaggo Rabi ta dafe haɓa tana kallona.

"Ikon Allah. Tun kana saurayi muke ciniki, Alhaji, yau na fara ganin haƙoranka."

Na yi maza na ɗaure fuska na yi tayi.

"A'a," ta ce. "Yadda na faɗa haka za ka biya. Ai na gani."

Na zagaya ta gabas, na zagaya ta yamma, ko gezau. Na biya. Ta ƙulle ɗan gyara a tsumma ta ce in kai wa mai moto.

Da yamma na ba Sani labarin tun daga gatsawa har zuwa biya, ban rage ba ban ƙara ba. Na ga kafaɗunsa suna motsi.

"Gwaggo Rabi ta kayar da kai?"

"Ta kayar."

"Allah ya ƙara."

Na sa masa ƙullin a hannu. "Na biya. Saura kai."

Na leƙa fuskarsa don in yi masa magana, sai na ga abin da na yi makonni ina kallo ban gani ba. Idonsa ba a kafe yake ba. Yana bin wani abu, ya ɗaga, ya tsaya, ya sauko. Na bi inda yake duba. A saman bangon, dab da taga, zanzaro ya manna ɗan gidansa na laka. Irin idon Kumbo ne a bakin wutar Kaka. Na miƙe na karkaɗe riga na ce, "Ka biya." A waje Mariama ta gaya mini cewa ta taɓa ɗaga tsintsiya za ta kakkaɓe gidan, ya ce ta bar shi. Shi ne kaɗai abin da ya roƙa tun da ya dawo.

Kashegari bai jira na tambaya ba. Ya ce zanzaron yana zuwa da ɗan curin laka a baki, ya ɗora, ya shafe, yana wata ƙara kamar mai gunaguni. Idan ɗaki guda ya tashi sai ya jawo tsutsa ya cusa ya toshe, ya fara na gaba.

"Ya ci ɗamara kamar soja," in ji shi. "Kuma ya fi maginin da ya yi maka mangaza. Shi bai karɓi rabin kuɗi ya ɓace ba." Ya ɗan huta. "Abu guda ne ban gane ba. Ƙasarmu rairayi ce. Wannan kuwa jar laka yake kawowa, a jiƙe. Yana fita ta taga ya yi hagu, ba ya daɗewa. Yaya, leƙa ka duba mini inda yake samo ta."

Raina ya so in tashi a guje. Wannan ne abu na farko da ya nema a wurina. Amma na san lokacin da ake sallamawa, na san lokacin da ake riƙewa.

"Ba zan duba ba."

"Don Allah fa."

"Abin da wani ya gano maka ba naka ba ne. Kai ka tuna mini."

Karon farko ke nan da ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. "Kai mugun dillali ne, ka sani?"

"Na sani. Ga sanduna can."

Na gargaɗi Mariama, na gargaɗi yaran, kada wanda ya duba masa. Mariama ta ce, "Yaya, anya ba mu matsa masa ba?" Na ce matsin ya fi wankan gawa. Ya yi fushi da ni, ya daina amsa mini, tuwo ya ci gaba da fitowa kusan yadda ya shiga. Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Idan na yi kuskure, da hannuna na rufe ƙofar da ta fara buɗewa. Amma kullum ina zuwa, kullum ina biya: sanyin ruwan randa a maƙogwaro bayan na sauko daga mota, yadda jikata ke kama babban yatsana da hannunta duka, ƙamshin ƙasa kafin ruwa ya sauka. Ƙanana ne, amma nawa ne. Na kuma lura, da na fara neman su, su ma sun fara tsaya mini.

Wata safiya ina cikin awo salula ta yi ƙara. Mariama ce. "Yaya, zo ka ga ƙanenka." Ban tsaya tambaya ba.

A bayan gida na same shi, rataye a kan sandunan, gumi ya jiƙa masa riga, gwiwarsa ta ƙuje alamar ya faɗi a hanya. Yana tsaye a gaban tsohon rumbun babanmu da ya daɗe da tsagewa, wanda aka gina da jar lakar fadama. Ruwan indararo na ɗiga a gindinsa, zanzaron yana nan a duƙe yana cura.

"Ga ɓarawon," in ji Sani, yana haki. "Gadonmu yake kwashewa da kaɗan-kaɗan." Ya goge fuska da kafaɗa. "Mariama, akwai sauran fura?"

Yanzu Sani na zama a ƙofar mangaza, shi ke karɓar masu kawo kaya. Dariyarsa ta dawo, amma ba ta da ba ce. Rijiyar ta yi zurfi, sai an ƙara igiya. Akwai ranakun da yake komawa ga bango, ni kuma in koma gefen tabarma. Ban ce tatsuniya ta fi magani ba, likita ya yi nasa, addu'a ta yi nata. Abin da na gane shi ne Kaka ba ladan tatsuniya take karɓa ba, koya mana zama a gida take yi. Tsoro da haushi ko ba ka so sai sun same ka, shi ya sa ba a koyon su. Farin ciki ne ke buƙatar a ɗaga kai. Yadda zai fito kuwa, wannan ya danganta da halin mutum da gidan da ya tashi. Mu an koya mana mu rufe tukunya, kuma rufewar ba aibu ba ce. Nawa murfin dai ya daɗe a kai har na daina leƙawa.

Idan zan ɗaure bakin buhu, ga abin da ke ciki. Ƙafa ba ta tsiro ba. Damina guda ta kasuwa ta tafi ina zaune a tabarma. Fuskata kuma ta lalace, don Gwaggo Rabi ba ta riƙe sirri, yanzu duk matan layin aya sai su miƙo mini ƙwara su ce in tauna, suna kallon bakina. Kowace kasuwa sai na biya kuɗin haƙorana. A ɗaya gefen, jiya da yamma ina rufe mangaza ƙanena ya buga sandarsa a ƙofa ya ce, "Kai, mijin banza, mi kag gani yau?" Na auna ta kowace tiya. Ban faɗi ba.